Daga Winamp Zuwa Waƙar Aro

Akwai wata tambaya da masu gyaran kwamfuta suka daina yi, kuma ba wanda ya lura da ranar da suka daina. A da, in ka kai kwamfutarka aka yi mata fomatin, aka sake ɗora mata Windows, mai gyara zai ɗago kai daga jakar faya-fayansa ya ce, "Yallaɓai, wace fileya za a sa maka?" In ka yi shiru, sai ya zuba maka uku ko huɗu ya ce ka je ka gwada. In kuwa ka ambaci ɗaya, wanda ke zaune a benci yana jiran tasa zai sa baki ya ce ai waccan ta fi ta sauti. Kafin ɗorin ya kammala musu ya kaure, kowa na kare tasa, har mai shagon ya manta da aikin da ke gabansa.

Yau matashi zai sayi laftof sabuwa fil, ya shekara yana jin waƙa da ita, ka tambaye shi da wace manhaja yake saurare ya rasa inda ka dosa. Zai ce YouTube yake buɗewa, ko Audiomack, ko Spotify. Ka leƙa foldar waƙoƙin da ta zo da kwamfutar, ka tarar ba ko fayil ɗaya a ciki. Tambayar ta mutu ne saboda abin da ya haife ta ya mutu. Ba a neman abin kunna waƙa sai in akwai waƙar a hannu.

Iyayenmu ba su san manhaja ba, amma sun san riƙon waƙa. Dattijo mai rikoda yakan ɗinka mata riga, ya ajiye kasusuwansa a akwati, kowanne da rubutun biro a jikinsa. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. In rikoda ta tauna zare, a zaro shi a hankali, a yanke wurin da ya cukurkuɗe, a liƙe da jan farce, a zura biro a mayar da shi. Daga ranar nan waƙar ta yi tabo, kuma duk gidan sun san daidai inda za ta yi tsalle. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne yadda mai kaset yake danna tsayawa ana tsakiyar sauraro. Shata na cikin wasa wani mutum, sai dattijon ya tsayar ya ce, "Kun san wane ne wannan? Direba ne, ɗan gari kaza, ga abin da ya yi aka yi masa waƙar." Ya faɗi wurin da aka ɗauke ta, ya faɗi wanda ya ba shi kaset ɗin, wani lokaci har ya nuna cewa akwai wani ɗaukan da ya fi wannan tsawo. Waƙa tana tafiya ne da labarinta, labarin kuma yana bakin mai ita. Wanda bai da rikoda sai ya jira shirin zaɓi-sonka a rediyo, ya aika kati, ya yi ta sauraron ranar da za a ambaci sunansa.

Abin da ya rusa wannan tsari daga Jamus ya fito. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka gano yadda za a matse sauti ta hanyar zubar da sassan da kunnen mutum ba ya cika kamawa. A 1995 aka raɗa wa irin wannan fayil suna MP3. Lissafin mai sauƙi ne. Minti ɗaya na sautin faifan CD yana cin kusan megabait 10, amma in an matse shi a ma'aunin da aka fi amfani da shi a lokacin, wato 128, sai ya dawo kusan megabait 1. Faifan da a da minti 80 kawai yake ɗauka sai ga shi yana ɗaukar kusan awa 12. Akwatin dattijo gaba ɗaya ya shige cikin 'yan faya-fayai da za a riƙe a hannu ɗaya.

Fayil kuwa ba ya kunna kansa. A 1997 wani matashi Ba'amurke, Justin Frankel, da abokin aikinsa Dmitry Boldyrev suka fitar da Winamp. Duk wanda ya zauna a kafe ko a shagon buga takardu a farkon shekarun 2000 ya san fuskarta: ɗan akwati mai duhu, lambobi kore suna ƙirga daƙiƙu, sunan waƙa yana rarrafe daga dama zuwa hagu, ƙananan sanduna suna tashi suna sauka da bugun ganga. Ranar da aka fara ɗora ta takan yi wa mutum maraba da muryar wani Bature da kukan dabba, yara su yi ta dariya suna maimaitawa. A ƙarƙashin akwatin farko akwai na biyu mai maɓallai goma na daidaita sauti, inda kowa ya zama injiniya. Masu son dukan ƙirji su ɗaga na hagu har sama, su bar sifikar tebur tana kakkarwa. Mai sauraron kalangu ko kukuma ya ɗan ɗaga na tsakiya don muryar mawaƙi ta fito sarai daga cikin shuuu ɗin tsohon kaset. Na uku shi ne jerin waƙoƙi, wanda za ka iya ja har ya cika allo. Gwanaye ba sa taɓa linzami: harafin X kunnawa, C dakatawa, B tsallakewa zuwa ta gaba, J kuma ya buɗo wurin da za ka rubuta rabin suna waƙar ta fito. Ga riguna barkatai da ake sauya mata, wani ya mai da tasa kalar ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, wani hoton jarumar Indiya. A 1999 kamfanin AOL ya sayi kamfanin da ya yi ta, Nullsoft, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 80.

Ba ita kaɗai ce a fage ba, kuma kowace da mutanenta. Windows Media Player ita ce ta wanda ba ya son wahala, tunda da ita kwamfutar ta zo, ga kuma launuka masu murɗawa a allo waɗanda yara kan zauna su zuba wa ido kamar talabijin. JetAudio, ta kamfanin Cowon na Koriya ta Kudu, an zana ta ne da siffar manyan rediyoyin falo masu hawa-hawa, don haka ta shiga ran waɗanda suka taso suna sha'awar irinsu a gidajen masu hali. Kamfanin Apple ya fito da iTunes a 2001, ya kawo ta Windows a 2003, amma a wajenmu sai wanda ɗan'uwa ya aiko wa iPod daga waje ne ya damu da ita. Akwai foobar2000, wadda wani ɗan ƙasar Folan, Peter Pawłowski, ya fitar a 2002, fara fat ba ado, ta masu cewa su sauti suka zo ji. Daga Rasha AIMP ta zo a 2006, ta kwashi da yawa daga masoyan Winamp.

Sai kuma VLC, mai alamar hular nan ruwan lemo da ake jerawa a titi in ana aiki. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta birnin Faris, École Centrale, suka fara aikinta a 1996 don aika bidiyo a cikin makarantarsu, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001. Ba don kiɗa aka yi ta ba, kuma ba ta iya tsara waƙoƙi kamar sauran. Amma ta ci kasuwarmu da hali biyu: ba ta ƙin fayil, ko wane iri ne, ko da rabinsa ya lalace, sannan tana ɗaga murya ta wuce ɗari bisa ɗari. A shagon da janareto ke ruri a bakin ƙofa, wannan hali na biyu ya fi duk wani ado daraja.

Musun da ake yi a kan wadda ta fi sauti, yawancinsa musu ne kawai. Fayil ɗaya, sifika ɗaya, in ba a taɓa maɓallan daidaitawa ba, da wuya kunne ya raba tsakaninsu. Ainihin bambancin yana wani wuri: wace ce ba ta nauyaya wa tsohuwar kwamfutar da aka shigo da ita ta hannu, wace ce take buɗewa nan take, wace ce ba ta mantawa da jerin da ka kwana kana haɗawa in an ɗauke wuta ba sallama. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai shagon buga takardu yana son wadda za ta laɓe a gefe tana yi yana aiki. Mai sauraron tafsiri yana son wadda za ta tuna masa inda ya tsaya a karatun awa biyu. Mai kiɗan biki yana son wadda za ta zarce daga waƙa zuwa waƙa ba tare da shiru ya ratsa ba, don kada 'yan rawa su huce.

Akwai abin da duk manhajojin nan suka haɗu a kai, shi ne ba su san irin waƙarmu ba. An gina su ne a kan tunanin cewa kowace waƙa tana da kundi, tana da lamba a cikin kundin, tana da shekara, tsawonta kuma minti uku ne ko huɗu. Tsarin farko na rubuta bayani a jikin MP3, wanda aka ƙirƙira a 1996, harafi 30 kacal ya ware wa sunan waƙa, 30 ga mawaƙi, 30 ga kundi, sannan ya jera nau'in kiɗa 80 a zaɓa. Babu kiɗan fada a ciki, babu na noma, babu na dambe, babu amada. To wane kundi za ka rubuta wa Ɗanƙwairo? Wace shekara za ka sa wa Bakandamiyar Shata, alhali ya yi ta sau da dama, a wurare daban-daban, kowane ɗauka da abin da ya ƙara ko ya rage? Ko haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, in ka rubuta su sai tsofaffin manhajojin su mayar maka da alamar tambaya ko ɗan akwati. Haka dubban waƙoƙi suka shiga kwamfuta da sunaye irin su "shata 1", "shata 2", "shata sabo", "tsohuwa mai daɗi". Waƙar ta tsallako daga kaset lafiya, amma dattijon da ke danna tsayawa ya ba da labari an baro shi a can baya.

Duk da haka an sami waɗanda suka gaje shi. A kowace unguwa akwai mutum ɗaya da aka sani da tara waƙa, wanda ya raba foldarsa gida-gida: makaɗan fada daban, na jama'a daban, waƙoƙin fim daban, na siyasa daban, karatun Alƙur'ani da wa'azi can gefe guda don kada su cakuɗu da kiɗa in an sa manhaja ta riƙa tsinto waƙa da ka. Irin wannan mutum yakan jona tsohuwar rikoda da kwamfuta da 'yar waya, ya kwafe kaset da manhajar Audacity, ya zauna ya yanka fuska guda zuwa waƙoƙi ɗai-ɗai. Aiki ne na dare da haƙuri, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙin da ake ji yau a intanet ta hannun irin waɗannan mutane suka tsira.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma masu ɗaukar memori suka yi araha, sai kwamfuta ta zama rumbu, waya ta zama kwanon awo. Sana'ar turi ta kafu. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da tashoshin mota, da bakin kowace kasuwar ƙauye, za ka ga matashi da laftof a kan tebur ƙarƙashin lema, sifika na tashi, mutane na miƙa memori ana cika musu. Shi mai turi, manhajarsa ita ce jarinsa, domin dole ya ɗanɗana wa mai saye farkon waƙa cikin daƙiƙa biyu kafin ya gaji ya wuce. Ta wannan hanya waƙa ta riƙa keta iyakoki ba tare da kamfani ko gidan rediyo ba. Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu a Sahel, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya tsince su a arewacin Mali ya fitar da ɗaya a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Yau Mdou Moctar yana zagaya duniya da jitarsa.

Sai dai wanda zai yi kewar wancan lokaci ya kamata ya faɗi gaskiyarsa duka. Kuɗin turi a aljihun mai turi yake tsayawa. Mawaƙin da ya biya situdiyo, da mai fiyano, da 'yan amshi, ba sa ganin ko sisi. 'Yan kasuwar kaset da faifai na Ƙofar Wambai, waɗanda ko ba komai sukan sayi aiki daga hannun mai shi, kasuwarsu ta durƙushe. Filashi kuma ba waƙa kaɗai yake ɗaukowa ba. Sau nawa mutum ya je karɓo waƙa ya dawo da bairos, ya buɗe ya ga foldodinsa sun ɓace ko sun koma gajerun hanyoyi marasa kai ko'ina? Ga lalacewar sauti: wannan ya matse fayil don ya shiga ƙaramin memori, na gaba ya sake matse matsattsen, har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani a cikin rijiya. Ga masu liƙa tallar shagonsu da lambar waya a tsakiyar waƙa. In kuwa rumbun kwamfutar ya mutu, tarin shekaru ya tafi a dare ɗaya, ba zaren da za a liƙe da jan farce.

Saboda haka da sabon tsari ya zo, ba da ƙarfi ya kori tsohon ba, mutane ne suka bi shi da ƙafarsu. Spotify ta fara aiki a Suwidin a 2008, ta iso Nijeriya a 2021. Boomplay ta fara a Nijeriya a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno. Audiomack da YouTube suka zama dandalin mawaƙan Arewa. A ɗaya gefen, AOL ta ba da sanarwar rufe Winamp a ƙarshen 2013, kafin wani kamfanin Beljiyam, Radionomy, ya saye ta a farkon 2014. Tana nan da rai, amma ba ta koma matsayinta ba. Apple ma ta wargaza iTunes a kwamfutocinta a 2019. Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce. Mawaƙi a Kano ko Zindar zai saki waƙa da safe, kafin azahar Bahaushen Kumasi da na Jidda sun ji ta, da sautinta garau, da sunanta daidai, da hotonsa a jiki. Yana iya ganin adadin waɗanda suka saurara, kuma ko kaɗan ne wani abu na shiga asusunsa. Yarinyar da a da ba za a bar ta ta je teburin mai turi ba, yanzu tana zaɓen abin da take so daga ɗakinta. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai yi adalci ba.

Amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Waƙar da kake ji a waɗannan dandali ba taka ba ce. Ranar da data ta ƙare, ko kuɗin wata ya yanke, ko mai waƙar ya saɓa da wanda ya ɗora masa, ko wani ya kai ƙarar haƙƙin mallaka, sai ka wayi gari ka ga gurbinta. Wannan bai cika damun mai bin sababbin waƙoƙi ba, tunda gobe wata za ta fito. Wanda abin ya shafa shi ne mai neman Narambaɗa, ko Ɗan Anace, ko Barmani Choge, ko wani makaɗin garinsu da bai taɓa shiga situdiyo ba. Irin waɗannan, abin da ke intanet nasu yawanci wani mai sha'awa ne ya ɗora a shafinsa, kuma ranar da shafin ya rufe sun tafi tare. Sannan zaɓin ma ya sauya hannu. A da kai kake jera abin da zai biyo bayan abin da kake ji. Yanzu na'ura ce take miƙo maka na gaba, bisa lissafin abin da ya riƙe irinka a baya, kuma waƙar minti ashirin da sai an yi haƙuri kafin ta nuna ba ta cika cin wannan lissafi ba.

Manhajojin kuwa ba su ƙare ba, masu nemansu ne suka ragu. VLC na nan, foobar2000 da AIMP na nan ana sabunta su, ga MusicBee ga mai tarin waƙoƙi da yawa, ga Strawberry da Audacious ga masu Linux, kuma duk kyauta ne. Wanda zai zaɓa yau, ma'auninsa ya bambanta da na da. Ya duba ko tana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, ko tana barinsa ya gyara bayanin waƙoƙi da yawa a lokaci guda, ko tana da filin ƙarin bayani inda zai rubuta wa aka yi wa waƙar da inda aka ɗauke ta. Ya duba ko tana kunna FLAC, tsarin da ke rage girman fayil ba tare da zubar da komai daga sautin ba, domin rumbu ya yi araha yanzu, babu sauran dalilin matse tsohon kaset har ya shaƙe. Ya duba ko tana aiki ba intanet, ba rajista, ba talla. Sannan ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu.

Ba kowa ne zai yi wannan ba, kuma ba a bukatar kowa ya yi. A zamanin kaset ma ba kowane gida ne ke da akwati ba. Abin da ake bukata shi ne kada masu yi su ƙare. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma mutanen da suka zauna a gabansu, suka san wane ne wane a cikin waƙoƙinsu, kullum raguwa suke yi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta abin da ya samu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun tattara tarihin Shata a littafi, amma abin da ke warwatse a tsofaffin kwamfutoci da kawunan dattawa ya ninka wanda ya shiga takarda. Kamfanin da ke Suwidin ko Amurka ba zai zo ya tambayi kawunka wane ne direban da aka wasa a waƙar nan ba. Duk wanda ke da folda cike da "shata 1" da "shata 2", kuma yake da dattijo a gida mai sauran ƙarfin tunawa, aikin da ke gabansa a fili yake: ya kunna masa ɗaya bayan ɗaya, ya bar shi ya tsayar inda ya ga dama, shi kuma ya rubuta abin da ya ji a jikin fayil ɗin.